Sea-Dweller, Ploprof ko Tuna: wanne za ka nema cikin tsofaffin agogunan ƙarƙashin teku?

A tsakiyar shekarun 1960 wani abu ya riƙa samun masu aikin ƙarƙashin teku wanda ya ɗaure wa maƙeran agogo kai. Mutum zai yi kwana da kwanaki yana aiki a zurfin ruwa, agogonsa na tafiya lafiya lau, ko ɗigo bai shiga cikinsa ba. Sai an kammala aiki, yana zaune a busasshen tankin da ake rage masa matsi sannu a hankali, sai a ji tau! Gilashin agogo ya yi tsalle ya bar mazauninsa.

Kamfanoni uku ne suka fi tsayawa kan wannan matsala, kowanne kuma ya ɓullo mata ta hanyarsa: Rolex da Omega a Suwizalan, sai Seiko a Japan. Agogunan da suka fito da su, wato Sea-Dweller mai lamba 1665, da Seamaster 600 da ake kira Ploprof, da kuma Seiko 6159-7010 da ake wa laƙabi da Tuna, su ne har gobe masu tara tsofaffin agoguna ke kai gwauro su kai mari a kansu. Zurfin da aka rubuta a fuskarsu kusan ɗaya ne: Rolex mita 610, sauran biyun mita 600. Idan aka cire wannan, sai a ce hanyar jirgi daban, ta mota daban. Wanda ya tara kuɗinsa yana son ya mallaki ɗaya, ya kamata ya san abin da zai ɗaura a hannu kafin ya miƙa ko sisi.

Sai an fahimci ciwon kafin a gane maganin. Iskar da muke shaƙa mafi yawanta naitirojin ce, kuma idan mai nutso ya yi nisa ƙasa takan bugar da shi kamar wanda ya sha abin maye. Shi ya sa ake musanya ta da wata iska mai suna hiliyom, a gauraya da oksijin. Ga kuma doka ta biyu: jikin da ya daɗe cikin matsi ba a fito da shi farat ɗaya, in ba haka ba iskar da ta narke a jini za ta taso kamar kumfar lemon kwalba da aka girgiza. Wanda ya tuna labarin Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a gabar tekun Najeriya a watan Mayun 2013, zai tuna cewa bayan an same shi da rai a zurfin mita 30, bayan kusan kwana uku, ba gida aka kai shi ba. Tankin rage matsi aka saka shi, ya sake yin kwanaki a ciki. To masu aikin rijiyoyin mai na teku a irin wannan tanki suke rayuwa har makonni. A ciki suke ci, a ciki suke kwana, a sauke su bakin aiki a cikin wani ɗan ɗakin ƙarfe mai siffar ƙararrawa, a dawo da su, matsin bai sauya ba. Sojojin ruwan Amurka ne suka yi fice wajen gwada wannan tsari a shirinsu na SEALAB, na farko a 1964 kusa da Bamuda, na biyu a 1965 a gabar Kalifoniya. A Faransa kuma kamfanin COMEX, wanda Henri Germain Delauze ya kafa a Marsai a 1961, shi ya mayar da abin sana'a.

Ƙwayar hiliyom ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Robar da ta isa ta tare ruwa ba ta isa ta tare ta ba. Cikin kwanakin da mutum zai yi a tanki sai ta yi ta silalewa cikin agogo har matsin ciki ya yi daidai da na waje. Da an fara rage matsin tanki, ita kuma ba ta iya fita da saurin da ake so, sai ta tunkuɗo daga ciki. An gina agogo ne don ya jure dannawa daga waje, babu wanda ya yi tunanin turi daga ciki. Gilashi ne mafi rauni, shi yake fara sallamawa.

Rolex ta ce, tun da baƙuwar sai ta shigo, a yi mata ƙofar fita. A gefen hagu na gangar jikin agogon, daidai ƙarfe tara, aka huda wani ɗan rami aka dasa bawul mai sifirin. Ruwa in ya danno daga waje ƙara rufe shi yake yi, amma da matsin ciki ya rinjayi na waje sai ya ɗaga da kansa, iskar ta fice, ya koma ya rufe. Ana danganta shawarar ga Robert Barth, ɗaya daga cikin mutanen SEALAB, kuma a 1967 Rolex ta nemi rajistar mallakar wannan fasaha. Shi ya sa 'yan ƙalilan na farko-farko ke ɗauke da rubutu a bayansu mai nuna cewa rajistar ba ta kammala ba tukuna, kuma yau suna cikin waɗanda suka fi tsada. Kamfanin Doxa ma ya fito da nasa mai bawul, Conquistador, a 1969, sai dai samunsa a yau sai an tona.

In ban da bawul ɗin, Sea-Dweller ɗan uwan Submariner ne, wato sanannen agogon nutso na Rolex, da ya ƙara ƙiba. Faɗinsa milimita 40, bayansa ya fi kauri, gilashinsa na roba ne mai tudu da kauri, kuma an cire masa ɗan madubin nan mai ƙara girman kwanan wata da aka san Rolex da shi. Injinsa, mai lamba 1575, yana bugawa sau 19,800 a awa. Inji ne mai haƙuri, jakin aiki, wanda duk ƙwararren mai gyaran Rolex ya san shi ciki da bai. Na farkon suna da layi biyu na jan rubutu a fuska, daga wajajen 1977 kuma aka mayar da rubutun fari gaba ɗaya, aka ci gaba da yin sa har farkon shekarun 1980, bayan magajinsa mai lamba 16660 ya riga ya fito a 1978 da zurfin mita 1,220.

Abin da nake yaba wa Rolex a nan shi ne sauƙin dabarar. Ba su rushe gida don ɓera ya shiga ba. Abin da ba na yaba musu kuwa shi ne zoben lissafin minti da ke kewaye da gilashi. A kan 1665 yana juyawa hagu da dama, babu makulli, babu kariya. Mai nutso da wannan zobe yake ƙirga mintocin da ya yi a ƙasa, in ya goga shi a jikin bututu ya gusa, lissafi ya ɓaci. Sai a kan 16660 aka mayar da shi mai juyawa gefe ɗaya tak.

Omega kuwa cewa ta yi rigakafi ya fi magani: a hana hiliyom shiga tun farko. Shekara huɗu aka yi ana aikin, tare da masu nutson COMEX, kafin ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1970. Sunan Ploprof gutsure ne daga kalmomin Faransanci biyu masu nufin ƙwararren mai nutso. An sassaƙa gangar jikinsa daga dunƙulen ƙarfe guda, babu murfin baya ko kaɗan, ta gaba ake zura inji sannan a danne da gilashi mai kauri. Kowace ƙofa da aka rage, an rage hanyar ɓarawo. A 1970, a aikin Janus II da COMEX ta gudanar a mashigin Ajaksiyo na tsibirin Kosika, masu nutso sun yi kwanaki suna aiki a zurfin mita 253 da shi a hannu.

Wanda bai taɓa ganin Ploprof ba zai yi tsammanin wani ɓangare ne da aka kwance daga jikin injin jirgi. Faɗinsa ya kai wajen milimita 55 daga gefe zuwa gefe, kuma ba zagayayye ba ne, ba murabba'i ba. Mawaninsa, wato ɗan kan da ake murzawa a saita lokaci, yana hagu, ɓoye cikin kafaɗun ƙarfe, da wani noti da ake murzawa a kulle shi, don kada ya riƙa sukar bayan hannu ko ya bugi wani abu. A dama, wajen ƙarfe biyu, akwai jan maɓalli. Zoben minti ba ya motsi ko kaɗan sai ka danne wannan maɓallin da yatsa ɗaya ka juya da sauran. Cikin agogunan uku babu wanda ya warware matsalar zobe tsaf kamar wannan. Fuskarsa shuɗiya ce, hannun minti ƙato ne mai ruwan lemo, hannun awa kuma ɗan ƙarami, domin a ƙasan teku minti ake kallo, awa ba ta dami kowa ba. Ina son wannan gaskiyar tasa: kowane abu da ke jikinsa yana da dalili, kuma dalilin a fili yake. Gianni Agnelli, mai kamfanin Fiat na Italiya, ya riƙa ɗaura shi a kan hannun riga, abin da ya jawo masa suna wajen masu ado bayan kasuwarsa ta farko ba ta yi armashi ba saboda tsada da girma.

Rauninsa a ciki yake. Inji mai lamba 1002, mai bugu 28,800 a awa, bai yi sunan juriya irin na injinan Omega da suka gabace shi ba, kuma kayan gyaransa ba a ko'ina suke ba. Wani abin lura kuma: da Omega ta sake fito da Ploprof a 2009, mai zurfin mita 1,200, sai ga shi da bawul ɗin hiliyom. Saboda haka wanda ke neman ainihin dabarar toshe ƙofa, tsohon ne nasa, sabon kamanni kawai ya gada.

A kan Seiko zan ɗan daɗe, domin a ganina nan ne aikin ya fi zurfi. Mu a nan sunan Seiko ba baƙo ba ne, iyaye da kakanni sun ɗaura Seiko 5 sun je gona da kasuwa da Makka da shi, har wasu na ɗauka kamfanin agogon talaka ne kawai. Tun 1965 suka yi agogon nutso na farko a Japan, mai zurfin mita 150, a 1968 kuma suka fito da na mita 300 wanda suke alfahari da shi. A wannan shekarar ce wasiƙa ta iso musu daga wani mai nutso a garin Kure da ke lardin Hiroshima, yana shaida musu cewa agogunansu ba sa jure aikin da yake yi da hiliyom, kuma bugun duwatsun ƙasa na lalata su. Ba su yi musu ba, ba su kuma yi gaggawar yin kwaskwarima ba. Suka ɗora aikin a kan wata tawaga da injiniya Ikuo Tokunaga ke ciki, suka yi shekara bakwai ba su fitar da sabon agogon ƙwararru ba, sai a 1975.

Kamar Omega, su ma gangar jiki guda suka yi marar murfin baya. Amma sun gane cewa babbar kafar hiliyom tana bakin gilashi ne, inda zagayayyar roba ta gargajiya ke zama. Sai suka sauya siffar robar, suka yi ta mai kusurwa kamar harafin L, ta rungumi gilashin ta gefe da ta ƙasa, suka kuma haɗa ta da wani irin sinadari da iska ba ta ratsa shi da sauƙi, sannan suka danne gilashin da zobe mai zare wanda ake murzawa. Abin da ke shiga ya zama kaɗan ƙwarai, wanda ya shiga kuma ba shi da ƙarfin ture gilashin da aka ɗaure. Bawul ya zama ba shi da aiki.

Ba su tsaya nan ba. Maimakon ƙarfe suka yi jikin da titaniyom, wanda bai kai ƙarfe nauyi ba kuma gishirin teku ba ya cin sa, karo na farko ke nan a agogon nutso. Suka kewaye shi da wata garkuwa, ita ma ta titaniyom mai rufin tangaran, aka ɗaure da sukurori, ita ke karɓar duka a madadin agogon, ita kuma ke kare zoben minti, sai gurbi biyu da aka bari inda yatsu za su kama. Wannan garkuwar ce ta sa ya yi kama da gwangwanin kifi har laƙabin Tuna ya bi shi. Hatta maɗaurin roba sai da suka yi masa tunani: rigar nutso takan matse ta sirance idan an yi ƙasa, agogo ya yi sako-sako, don haka suka yi wa maɗaurin lanƙwasa-lanƙwasa kamar zugazugi, ya miƙe ya tsuke da kansa. Duk maɗaurin roba mai irin wannan tudu da kwari da kake gani yau a kasuwa, daga nan ya samo asali. Rajistar fasaha sama da 20 aka yi a kan wannan agogo guda. Injinsa, 6159, daga zuriyar Grand Seiko yake, wato agogunan alfarma na kamfanin, yana bugawa sau 36,000 a awa, sau goma ke nan a kowace daƙiƙa, har hannun daƙiƙa ya zama kamar yana sulɓi. A 1978 suka maye gurbinsa da mai batir, 7549, wanda ake kira Tuna na zinariya, a 1983 kuma aka ɗaura irin waɗannan masu mita 600 a jikin jirgin binciken ƙarƙashin teku Shinkai 2000, suka kai mita 1,062 suna aiki.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya game da lambobin nan. Nutso mafi zurfi da ɗan Adam ya yi a buɗaɗɗen teku da irin wannan tsari shi ne mita 534, wanda mutanen COMEX suka yi a 1988. A mita 600 kowane santimita murabba'i na ɗauke da nauyin kilo 60 da 'yan kai. Ke nan dukkan ukun sun fi ƙarfin mai ɗaura su, kuma bambancin mita goma da ke tsakanin Rolex da sauran ba abin dubawa ba ne wajen zaɓi.

Abin dubawa na farko shi ne hannunka da tufarka. Sea-Dweller ne kaɗai zai shige ƙarƙashin hannun kaftani ba tare da ya tsaya a wuya ba, za ka je ɗaurin aure da shi, ka je ofis, babu mai cewa ka ɗauko kaya. Tuna faɗinsa ya haura milimita 50, amma da yake ba shi da ƙahonnin da ke miƙewa sama da ƙasa, kuma titaniyom ne, yakan zauna a siririn hannu fiye da yadda ake zato. Tsayinsa ne matsala, zai riƙa karo da ƙofa. Ploprof kuwa nauyi gare shi na gaske, musamman da sarƙarsa ta saƙar ƙarfe, kuma duk inda ka shiga sai an tambaye ka mene ne wannan.

Na biyu kuɗi. Sea-Dweller 1665 mai kyau sai an yi maganar gomman dubban daloli, mai jan rubutu ya fi haka nesa. Ploprof na ƙasa da shi sosai, Tuna kuma shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Idan ajiyar dukiya kake nufi, Rolex ne ke da masu saye a kowace babbar kasuwar duniya, ranar da ka so sayarwa ba za ka rasa mai tayawa ba. Sai dai inda kuɗi suka taru nan macuta ke taruwa. Kan 1665 ne aka fi yin jabun fuska, a ɗauki mai farin rubutu a shafa masa ja, ko a harhaɗa sassan agoguna uku a kira shi na asali. Bambancin da ke tsakanin fuskar asali da wadda aka sauya wajen gyara zai iya cinye rabin darajar agogon, kuma ido marar horo ba zai gani ba. Wanda bai yi shekaru yana nazarin waɗannan fuskoki ba, ko ba shi da amintaccen masani, ina ba shi shawara da zuciya ɗaya kada ya fara da wannan.

Na uku gyara, kuma nan ne lissafi ke juyawa. Rolex ana buɗe shi ta baya kamar kowane agogo, injinsa sananne ne, kayan gyaransa na samuwa ko da tsada. Ploprof da Tuna ta gaba ake shigarsu, sai an cire zobe, an kwance abin da ya danne gilashi, an zare mawani ta hanyarsa, kowanne da irin makullinsa. Masu gyaran agogonmu na kasuwa akwai masu hannu ƙwarai a cikinsu, amma wanda bai taɓa buɗe irin wannan ba, kuma ba shi da kayan aikinsa, zai iya yi maka ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin minti biyar. Injin Seiko mai saurin bugu ya fi saurin cin kansa idan mai ya bushe, sassansa kuma sun yi wuya. Duk wanda zai sayi ɗayan biyun nan, ya fara sanin inda zai aika shi gyara kafin ya san farashinsa.

Da za a ce in zaɓa, Tuna zan ɗauka, kuma ba don araha ba. Rolex ta sallama wa hiliyom ta yi masa ƙofa, Omega ta tare shi da ƙarfin ƙarfe, Seiko ce ta zauna ta gano ta inda yake shiga ta toshe wurin, sannan ta bi sauran koke-koken mai wasiƙar nan ɗaya bayan ɗaya. Shaidar ingancin dabarar ita ce har yau Seiko na yin agogunan mita 1,000 a kan wannan tsari, babu bawul. Wanda ke son ya riƙa ɗaurawa kullum ba tare da fargabar inji ba, ya nemi 7549 mai batir, jikin da dabarar duk ɗaya ne, wahalar kulawa ta ragu. Ploprof na mutumin da ya gan shi ya ji ya kwanta masa a rai ne, irin wannan ba ya buƙatar shawarata. Sea-Dweller kuma na mai hali ne da ke son agogo ɗaya tilo da zai shiga ko'ina da shi, ya kuma bar wa 'ya'ya abin da za a iya sayarwa.

Kowanne ka tsayar, ka nemi hotunan inji da lambar jiki kafin ciniki. A Rolex ka duba kaurin ƙahonni, in an goge su da injin sheƙi har sun sirance, daraja ta tafi. A Ploprof ka danna jan maɓallin ka ji ko zoben na kullewa da gaske, ka murza notin mawani ka ji ko zarensa bai cinye ba. A Tuna ka duba garkuwar da kyau, rufinta kan ɓantare, kuma samun ta asali aiki ne. Farin da ke kan lambobin Rolex da Omega na wancan zamani fenti ne mai sinadarin tiritiyom da ke sa shi haske cikin duhu, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka in ka ga agogon 1972 yana haske rangaɗau cikin duhu har tsawon dare, an sake masa fenti ko an sauya fuskar. Robobin ciki kuwa sun kai shekara hamsin ko sun doshi haka, zafi irin namu kuma busar da roba yake yi. Kada rubutun mita 600 ya ruɗe ka ka yi alwala da shi a hannu, sai an sauya robobin an kuma gwada shi a injin matsi.